YADDA MAGANA KE TAFIYA A FADAR DAMAGARAM ZAMANIN DA

  

Wannan karo shafin tarihi zai yi magana bisa fadar Damagaram. In an ambaci Damagaram, abin da yara ke fara tunawa yaƙi ne: igwar Tanimun, ganuwar Birni, dawakin Kuran Daga. Amma mafi yawan kwanakin sarauta zama ne da saurare da aike da jiran amsa. Ga ƙasa mai faɗi, ga mutane iri iri kowa da harshen da ya sha a nono, kuma ba waya ba rediyo ba mota. To, ƙaƙa maganar sarki ke fita daga zauren fada ta kai ƙauye kamar namu? Ƙaƙa kukan talaka ke tashi daga ƙauye shi kai kunnen sarki? Abin da za mu duba ke nan, domin mutumin da ke tsaye tsakanin baki da kunne ya riƙe rabon jama'a da yawa a hannunsa.

ASALIN GIDAN DA HARSHENSA

Kakan sarakunan Damagaram wani malami ne da ya fito wajen Barno cikin ƙarni na 18, wajen shekarar 1730. Ana ce masa Malam, wasu su ce Malam Yunusa. Zuriyarsa sun zauna garuruwa dabam dabam, har Sarki Sulaiman, wanda ya ci sarauta wajen 1812, ya kafa gidan sarauta a Zindar. Ƴaƴansa biyu, Ibrahim da Tanimun, sun daɗe suna ja-in-ja bisa gadon, kuma Tanimun ne ya yi shekara wajen 30 yana mulki har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, shi ya sa maƙera zubin igwa, a zamaninsa ƙasar ta yi faɗin da ba ta taɓa yi ba.

Tun daga farko fada ta zauna bisa iyakar harshe biyu. Gabas, wajen Damagaram ta Kaya da Gure da ƙasar Muniyo, Barbarci ake ji a bakin Dagira da Manga. Yamma da kudu, wajen Kance da Matamai da Magariya, Hausa ce. Gidan sarauta asalinsa Barebari, amma manoman da ke biyan haraji mafi yawansu Hausawa, kasuwa da Hausa take ci, bayin da aka kamo daga wurare dabam dabam aka tara cikin Birni da Hausa suke fahimtar juna. A hankali Hausa ta shiga har cikin gida, ya zamana ɗan sarki da ita yake tashi.

Barbarci bai ɓace ba, ya tsaya cikin sunayen sarauta. Ciroma, Galadima, Yarima, Kaigama, Kacalla, duka daga Barno suka zo. Wannan "ma" da muke ji a ƙarshen huɗun farko, a Barbarci ma'anarsa kamar "mai" ce a Hausa. Galadiman Barno shi ne mai riƙon yamma, mazauninsa Nguru. Yarima mai riƙon arewa ne, Kaigama kuma babban sarkin yaƙi. Bulama da muke ji a ƙauyukan gabas, watau mai gari ke nan. Maina ɗan sarki, Mairam ɗiyar sarki, Magira uwar sarki. Yau mutum na iya amsa sunan Maina ko Mairam har tsufansa bai san sunan fada ne yake ɗauke da shi ba. In muka ce ma malami "alanguburo", Barbarci muka yi. Masana harsuna sun nuna tun 1960 cewa har kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa.

Akwai kuma dalilin mulki da ya hana fada sakin Barbarci. Damagaram na ƙarƙashin Barno, tana aika gaisuwar shekara Kukawa, kuma Shehu na sa baki cikin rigimar gado. Tanimun ya karɓe sarauta a 1841, Barno ta maida Ibrahim a 1843. Matafiyan Turai da suka sauka Zindar a 1851 da 1852 sun iske wani Balarabe, Sharif Alfasi, zaune cikin garin yana tsaya ma manyan Kukawa, shi ne idonsu da kunnensu. Watau abin da aka faɗa a fadar Zindar yana iya kai Kukawa kafin manzon sarki shi ɗaura sirdi. Fada mai irin wannan maƙwabci dole ta iya auna magana.

ZAMAN FADA

Al'adar ɓoye bakin sarki tsohuwa ce a Barno. Ibn Batuta, matafiyin Maroko da ya ratsa ƙasar Abzin a 1353, ya ba da labarin cewa sarkin Barno ba ya fitowa ga mutane, daga bayan labule yake magana. A 1823 Turawan Ingila da suka gaida Mai na Barno sun gan shi zaune cikin wani keji na itace, jama'a nesa da shi. Sarakunan Damagaram ba su ɓuya haka ba, suna fita yaƙi suna zaman shari'a, amma sun gaji ra'ayin cewa muryar sarki ba ta kowa ba ce.

Mai zuwa gaisuwa tun ƙofa yake tuɓe takalmi. Ya wuce zaure ya shiga wani zaure, kowane da mai tsaronsa. In ya kai gaban sarki sai shi durƙusa shi yi afi, watau shi ɗebi ƙasa shi zuba a ka, shi ce "ranka shi daɗe" ko "Allah shi ba ka nasara". Ba ya kiran sunan sarki, ba ya duban fuskarsa. Sarki na zaune da amawali bisa baki, bai amsa ba. Fadawa ke amsawa da ƙarfi: "Sarki ya gaishe ka." Sa'an nan mai ƙara shi faɗi abin da ya kawo shi, wani bafade shi ɗauki maganar shi maimaita ta gaban sarki, ko da sarki ya ji da kunnensa. In sarki zai amsa, a hankali yake yi, bafaden shi ɗaga ta kowa shi ji. In sarki ya yi tari ko atishawa ko zai gyara rawani, dogarai su buɗe riguna su kare shi.

Wanda bai sani ba sai shi ce girman kai ne kawai. Amma kowane ɗaya cikin waɗannan yana da aikinsa. Maimaitawa na ba sarki lokacin tunani kafin shi buɗe baki. Talakan da ya zo da zafin rai, maganarsa na wucewa ta bakin wanda ya san ladabi, a cire mata ƙaya kafin ta isa, shi kuma shi tsira daga laifin rashin kunya. Duk wanda ke zaune ya ji ƙarar sau biyu ya ji hukunci sau biyu, ya zama shaida ke nan a ƙasar da ba a rubuta kowane hukunci. Kuma in mai ƙara Bamange ne ko Bafillace ko Buzu wanda Hausarsa ba ta nuna ba, cikin wannan maimaitawa ake juya maganarsa, ba wanda ya ji kunya.

Babban dalili shi ne sarki ba ya magana biyu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Abin da ya fito daga bakin bafade ana iya gyara shi gobe a ce bai ɗauko daidai ba. Abin da sarki ya faɗa da muryarsa gaban jama'a ya zauna, ko da kan mutum ne zai tafi a ciki. Saboda haka sarki mai hankali yana rage magana, yana barin ƙofar gyara a buɗe.

Ba da baki kaɗai ake magana a fada ba. Wurin zama magana ne: wanda aka matso da shi kusa ya san an yarda da shi, wanda ya iske an ba wani wurinsa ba sai an gaya masa komi ba. Kyauta magana ce: riga, rawani, alkyabba, doki da sirdinsa, kowace da nauyinta, kuma jama'a na karanta ta kamar takarda. Shiru ma magana ne. Hakimin da ya yi gaisuwa fadawa ba su amsa masa ba ya san kwanansa a sarauta ya kusa ƙarewa.

Gaskiya mai ɗaci kuma tana da hanyarta. Abin da waziri ba zai iya faɗi ba, wawan sarki na faɗinsa cikin wasa a yi dariya, amma sarki ya ji. Mawaƙi na sa habaici cikin yabo, shi ambaci kyautar kakan wane domin jikan shi ji kunyar rowarsa. Can cikin gida inda namiji baligi ba ya shiga, jakadiya da babanni ke kai saƙo su kawo. Tanimun ya ɗaukaka bayin sarki ya ba su manyan muƙamai, domin bawa ba shi da haƙƙin gado, ba a tsoron shi juya saƙo don shi hau karaga. Amma wannan ya sa wanda ba shi da dangi a gari ya zama shi ne ke da kunnen sarki dare da rana. Za mu ga inda abin ya kai.

HANYAR TALAKA

Kakanninmu na ƙauye ba su tashi haka kawai su tafi Birni su ce za su ga sarki. Kowane gari na da ƙofarsa, watau wani mai sarauta da ke zaune Birni wanda aka ba riƙon garin. Talaka shi kai kuka ga mai gari, mai gari shi gaya ma jakadan da hakimi ya aje, jakada shi hau doki shi kai ma ubangidansa, shi kuma shi nemi ranar da ran sarki ke da daɗi shi shigar da maganar. Kuma ba a zuwa hannu wofi. Shi ya sa kalmar gaisuwa a Hausa take da ma'ana biyu, ta baki da ta hannu.

Umurni ta wannan hanya yake dawowa. In haraji ne, ko gayyar gyaran ganuwa, ko kiran yaƙi, daga sarki zuwa hakimi, zuwa jakada, zuwa mai gari, sa'an nan mai shela shi buga ganga ran kasuwa shi faɗa ma kowa. A lissafa bakin da magana ke bi: huɗu ko biyar. In sarki ya ce dami goma, babu mamaki a ƙauye a ji goma sha biyar. In talaka ya ce fari sun cinye gona, kafin maganar ta kai Birni tana iya zama an ɗan taɓa gefen gona. Garin da ƙofarsa ke da gaskiya kuma ake jin maganarsa a fada ya huta. Garin da ƙofarsa ke da kwaɗayi, sau da yawa mutanensa da dare suke ɗaure kaya su sake ƙasa. Tashin nan ma saƙo ne, kuma sarakuna na jin sa, domin sarki ba talakawa ba sarki ba ne.

Wajen alƙali harshe biyu ke aiki tare. Littattafan shari'a na mazhabar Maliku, kamar Risala da Muhtasar, da Larabci suke. Mai ƙara da shaidu da Hausa ko Barbarci suke magana. Alƙali shi saurara da harshen gari, shi duba hukunci da Larabci, shi juyo shi faɗa da harshen gari. Talaka ba shi da hanyar duba littafin da kansa, sai tsoron Allah na malamin.

TAKARDA DA HATIMI

In magana za ta ƙetare iyaka, zuwa Kukawa, Kano, Agadas ko Tarabulus, sai a kira malamin sarki. Da Larabci ake rubuta wasiƙar sarauta, domin shi ne harshen da kowace fada ta Musulmi ke da mai karanta shi. Takarda daga Italiya take zuwa, ta biyo Tarabulus da raƙuman fatake, in an ɗaga ta ga rana a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Alƙalami na kara, tawada ta gida. Tsarin wasiƙar sananne ne: sunan Allah da salati ga Annabi, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa da yabo gwargwadon girman wanda aka aika ma, sa'an nan buƙata cikin layi kaɗan. Hatimin sarki shi ke shaida daga gare shi ta fito.

Masu karatu na duban abin da talaka ba zai lura ba. Sunan wa aka fara rubutawa? An ce masa ɗan'uwa, ko ɗa, ko uba? Yabon ya kai na bara ko an rage? Sarkin da ke shirin ƙin biyayya, a cikin gaisuwa ake fara ganewa kafin a gani a fagen yaƙi.

Takardar gajeruwa ce domin ba ita ce dukan saƙon ba. Hanya na da ƴan fashi da ƴan leƙen asiri, takarda na iya faɗawa hannun maƙiyi. Asirin na cikin kan manzo, takarda shaida ce cewa a yarda da abin da zai faɗa. In ya isa, a karanta Larabci gaban sarki, malami shi juya da Hausa ko Barbarci, sa'an nan a keɓe da manzo shi zazzage sauran. Saboda haka ba kowa ake aike ba. Ana son mai riƙe magana yadda aka ba shi, mai jure yunwa da kyauta, mai ido da zai ƙirga dawakin masu masauki shi dawo da labari.

TAMBARI DA KAKAKI

Akwai maganar da ba ta bukatar manzo. Tambari na sarki ne shi kaɗai. Ana buga shi ran naɗi, ran Salla, da lokacin yaƙi, kuma wanda ya ji ya san wane ne cikinsu. Kakaki ma ba a busa ma kowa, sai sarki da wanda sarki ya yardar ma. Hakimin da ya sa aka busa masa kakaki ba da izini ba ya yi shelar tawaye ke nan, ko bai ce uffan ba. Daren Juma'a makaɗa da masu algaita na taruwa ƙofar fada su yi sara, gari shi san sarki na nan lafiya.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu da algaita ke iya bin muryar mutum. Kowane mai sarauta na da takensa. Tun daga nesa, kafin a ga ƙurar dawaki, tsofaffi na cewa wane ne tafe. Maroƙa da sanƙira kuma su ne ma'ajin sunaye: wane ya haifi wane, wane ya ci gari kaza, wane ya gudu ran kaza. Waɗanda suka saurari Ma'azu Ɗan Alalo a rediyo sun ji ragowar wannan sana'a. Mawaƙin fada yabon ubangidansa yake yi, ba ya faɗin inda aka kore shi, amma ba don su ba da jerin sarakunan da yawa ya ɓace.

BAƘIN ZANGO

Arewa da Birni ga Zango, masaukin fatake. Nan Abzinawa Kel Awai ke sauke gishirin Bilma da kayan arewa, nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ke da wakilai. Tamajak da Larabci da Hausa ke gauraya a wurin. Baƙo ba ya zuwa fada sai da mai masaukinsa, shi ne bakinsa shi ne lamuninsa. Attajiran Zango da ke jin harshe uku ko huɗu sun zama mutanen da sarki ba ya iya yi sai da su, domin ta hannunsu bindiga da albarushi da takarda ke shigowa, ta bakinsu labarin duniya ke zuwa.

Turawan farko sun bi wannan tsari. Ricadsan, ɗan Ingila da ake kira Yakubu, ya zauna Zindar a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rasu cikin watan Maris na shekarar bisa hanyar Kukawa. Cikin takardun da ya bari har da zantuka da aka jera da Ingilishi, Larabci, Hausa da Barbarci, aka buga su a 1853. Ya gane harsunan da matafiyi ke bukata a ƙasar nan ke nan. Abokin tafiyarsa Bart, Bajamushe da aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Zindar ƙarshen Disamba 1852 ya tashi ƙarshen Janairu 1853, kuma shi ya koyi harsunan uku da kansa. Waɗannan baƙi ne, sun zo sun gaida sarki bisa ladabin fada sun wuce.

DA KIƊA YA SAKE

A 1893 Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa. A shekarar ce Ahmadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, ya hau gado. Ba sauran Shehun da za a aika ma gaisuwa, amma ga maƙiyi mai bindigogi a gabas, ga gaba da Kano a kudu. Cikin wannan hali Kyaftin Kazamaju na Faransa ya iso Zindar a 1898, bisa hanyarsa ta zuwa wajen Rabe. Fada ta yi ta auna nufinsa: in ya isa ya haɗa kai da Rabe, ina Damagaram za ta sa kanta? Cikin watan Mayu aka kashe shi tare da tafintansa. Ƙarshen watan Yuli 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, cikin Satumba aka kashe Kuran Daga a Rumji, suka naɗa ƙanensa Ahmadu ɗan Basa.

Daga nan hanyar magana ta juya. Bisa sarki yanzu akwai kumandan, kuma kumandan ba ya jin Hausa, sarki ba ya jin Faransanci. Tsakaninsu sai tafinta. A tsohon tsari, in bafade ya maimaita magana, sarki na ji, mai ƙara na ji, fadawa na ji, in ya karkata da yawa za a gane. A sabon tsari ba mai iya duba tafinta, ko na sama ko na ƙasa. Nasara kaɗan ne a bariki, suna cikin tsoro, abin da suka sani game da gari shi ne abin da tafinta da masu kai tsegumi suka gaya musu.

A 1906 aka ga sakamakon. Farkon shekarar an yi tawaye a Satiru kusa da Sakkwato, an yi a yammacin ƙasarmu wajen kogin Kwara, hankalin Nasara ya tashi. Sai magana ta kai bariki cewa ana shirin kashe su a Zindar. Aka kama Sarki Ahmadu ɗan Basa da wasu manyan fada, aka haɗa da Malam Yaro attajirin Zango, har da tafintan barikin kansa. Ba a buga ko bindiga ɗaya ba. Maganganu aka tara, wane ya ce wane ya ce. Aka tuɓe sarki aka kai shi Kodibuwar, aka damƙa riƙon gari ga Ballama, wanda bawan fada ne. Shekara 17 Damagaram ba sarki daga zuriyar Malam, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. Gidan da ya yi kusan shekara 200, wanda yaƙin Tirmini bai tumɓuke ba, magana ta tumɓuke shi. Baki shi ke yanka wuya.

A waɗannan shekaru ne, 1906 zuwa 1909, ayarin Tilo ya bi iyakar Faransa da Ingila yana aune-aune, tafintansa Landerwan yana zama da tsofaffin fada yana rubuta abin da suka faɗa da Faransanci. Mafi yawan jerin sarakuna da shekarun da muke karantawa a littattafai daga nan suka samo tushe. Watau tarihinmu ma ta bakin tafinta ya bi kafin shi dawo mana. Sai a 1971 ɗan garin, Andire Salifu, ya fitar da littafinsa bisa Damagaram ta ƙarni na 19, bayan ya koma ya tambayi tsofaffi da harshensu. Zindar ta zama babban birnin mulkin Nasara daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai, kuma Faransanci ya zama harshen biro da lakwal da shari'ar gwamnati, har bayan samun mulkin kai a 1960. A 2025 ne dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Fada na nan cikin Birni, ana busa kakaki, ana cewa sarki ya gaishe ka. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne aikin ɗan tsakani, domin yau mu ne ke yin sa. Ɗanmu da ya yi lakwal shi ke raka tsoho biro, shi ke karanta masa takardar gona da ta asibiti, shi ke tsayawa tsakaninsa da alƙali. Wanda zai dawo daga Ikko shi ake ba kuɗi da saƙo shi kai ma iyalin wani. Wakilan ƙungiya su ke kai kukan gari wajen hukuma su dawo da amsa. Duk waɗannan jakadu ne, kuma dami goma na iya zama goma sha biyar a bakinsu kamar yadda yake zama a da.

Saboda haka muna roƙon abu uku, kuma daga tsohon tsari muka ɗauko su. In an aiki wakili wajen hukuma, kada shi tafi shi kaɗai, kuma in ya dawo shi faɗi amsa gaban taro, kowa shi ji. In takarda ta zo da Faransanci bisa gona, rijiya ko kuɗin ƙungiya, mutum biyu su karanta su juya ta da Hausa kafin wani dattijo shi sa hannu ko shi dangwala yatsa. Kuma waɗanda ke haihuwa a baƙon wuri su koya ma ƴaƴansu harshen gida da gaisuwar manya, domin yaron da ba ya iya gaida kakansa ba zai iya ɗaukar saƙonsa ba.

Muna kuma roƙon dattawa, duk wanda ya riƙe sunan ƙofar garinmu a Birni zamanin da, ko sunan jakadun da aka taɓa ajewa nan, ko taken masu garinmu na farko, shi kira ɗaya daga cikin yaran ƙungiya shi faɗa masa a rubuta da Hausa yadda ya faɗa. Kunne ya girmi kaka. Abin da aka samu za mu sa shi cikin takarda ta gaba, in Allah ya yarda.

Allah shi jiƙan magabata, shi bar zumunci, shi maido matafiya gida lafiya. Wassalam.